Ni da Kwamfutar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da zuwana na farko gidan surukaina a Magama ba, ko da ma na so in manta mutanen gidan ba za su bar ni ba. Lokacin ina amarya ɗanya shakaf, lallen ƙafata bai gama gogewa ba. Ni Bakanuwa ce, aure ya kai ni Katsina, mijina Nura kuma ɗan Magama ne, garin nan da ke gaba kaɗan da Jibiya, daidai bakin iyaka da Nijar, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a ɗaga musu ƙarfe su wuce. Mun je ne in gaida iyayensa mu kwana biyu, in san dangi, dangi su san ni. To, sun san ni kam.

Asalin abin bakin Nura ne ya jawo. Tun muna neman aure yake shelanta wa danginsa cewa injiniyar kwamfuta zai auro. Gaskiyar magana difloma gare ni. Na iya buga takarda da sauri, na iya tsara katin biki mai furanni, in waya ta cika na san abin da za a goge. Amma darasin gyara, kwamfuta ɗaya malaminmu yake buɗewa ajin duka mu yi mata rumfa, ni kuma kullum ina can baya ina kallon ƙeyoyin mutane. (Na ci jarrabawar, kada ku tambaye ni ta yaya.) Duk sanda Nura ya ce injiniya sai in yi murmushi in sunkuyar da kai, ana cewa kunya ce. Ba kunya ba ce, daɗi nake ji.

Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Baba, tela ne da aka sani har cikin Maraɗi wajen aikin babbar riga. Shagonsa a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya ta ɓulla cikin zaure. Yana da wani tsohon keken aiki mai kwamfuta da ya saya na hannu shekaru da yawa. Zanen aikin yana cikin wata kwamfuta ta tebur, a kwafe shi a ɗan faifai, a zura faifan a cikin keken, keken ya karanta ya yi ta sukar allura shi kaɗai har aiki ya fito. Duk wannan daga baya na fahimce shi. A ranar, ko keken ban taɓa gani ba.

Washegarin zuwanmu, bayan azahar, Nura ya tafi Jibiya gaida abokai. Ina tsakar gida tare da Hajiya, uwar mijina, ina tsince shinkafa da natsuwar da ko a gidanmu ba a san ni da ita ba, sai muka ji gyaran muryar Baba daga zaure.

"Ki ce ma ɗiyar nan ta zo ta duba man na'urar nan, tunda Allah ya kawo mamu mai sani har gida."

Hajiya ta dube ni fuskarta cike da alfahari. "Tashi ki je, Babanku na kira."

Na zura hijabi na bi zaure, ina tafiya ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

A shagon na durƙusa na gaida Baba, na gaida baƙonsa. Baƙon wani babban mutum ne, babba a shekaru babba a jiki, ya zauna a benci ya cika shi, yana ta kaɗa makullin mota a yatsa. Baba ya ce sunansa Alhaji Mamman, daga Maraɗi ya zo, amininsa ne tun suna samari. Gobe da safe za a ɗaura auren ɗansa. An gama kayan kowa, saura babbar rigar ango, ga shaddar nan fara sol an ɗaure ta a kan keke tana jira. Zanen da ango ya zaɓa yana cikin kwamfuta, kwamfuta kuma ta ce ba ta san zancen ba. Alhaji kuwa dole ya tsallaka kafin a rufe iyaka da magariba.

"Ba ta ganin gidan faifai," in ji Baba. "Da in na kunna, ga shi nan gefe da harafin A. Yanzu ya ɓace ɓat. Tunda nike da Alhaji ban taɓa saɓa mashi alkawari ba, ɗiyata."

"Kar ka damu," in ji Alhaji Mamman, yana dubana. "Tunda munka samu injiniya, ai magana ta ƙare."

Da a ce ina da hankali, nan ne wurin da zan ce, Baba, wallahi ban san kan wannan ba. Kalma nawa ce? Amma ga suruki, ga baƙo daga wata ƙasa, ga sunan da aka riga aka naɗa mini. Sai na ji bakina ya ce, "In sha Allahu ƙaramin abu ne."

Na zauna a gaban kwamfutar. Launinta irin na tsohon haƙori, allon mai ƙaton ƙeya kamar talabijin ɗin kakata. Baba ya miƙo mini wani baƙin abu mai kusurwa huɗu, da ɗan ƙarfe a gefe ɗaya. Na karɓa na juya shi, sai na gane shi. Wannan ai shi ne ɗan hoton nan da nake dannawa kullum in zan ajiye aiki a kwamfuta! Ashe abin yana da jiki, ashe ana riƙe shi a hannu. Fulofin da muka haddace sunansa don jarrabawa, yau ga ni ga shi. Saura kaɗan in ce "laa", na haɗiye.

Na nemi ramin na tura shi. Ya ƙi shiga. Na ƙara ƙarfi. Baba ya miƙo hannu a hankali ya zare shi, ya juya shi, ya tura, ya shige da ɗan ƙas.

"Ta nan yake shiga. Ko naku na zamani ta can suke shiga?"

"E, Baba, sun ɗan bambanta," na ce, zufa tana gangaro mini ta bayan kunne.

Na fito da dabarar da na fi ƙwarewa a kanta, wato a kashe a kunna. Kwamfutar ta yi nishi, ta kawo baƙin allo da fararen rubutu, ta tsaya. Kafin in karanta layi ɗaya Baba ya miƙa yatsa ya danna wani maɓalli a saman allon rubutu, rubutun ya wuce.

"Kwanan nan sai an danna mata wannan take tashi," ya ce. "Ta tsufa, ta koma son lallashi."

Na yi 'yar dariyar ladabi. Da ta gama tashi na lura agogon da ke ƙasan allo yana nuna tsakar dare, shekarar da ya rubuta kuwa ko yaye ni ba a yi ba. Na ce a raina, tsufa ke nan, na wuce. Na buɗe nan na rufe can, na shiga wuraren da ban san me ake yi a cikinsu ba, ina gyaɗa kai ina "uhm" irin na likita. Harafin A bai fito ba. Baba yana tsaye a kaina hannuwansa a baya. Alhaji yana kaɗa makulli. A waje kwandastoci suna kiran Ɗan Issa, Maraɗi.

Na saci kallon wayata a ƙarƙashin hijabi don in yi bincike. Babu sabis. A Magama haka abin yake, in kana shagon Baba waya sai ta kama layin Nijar, layina kuwa na Najeriya ne. Tun daren jiya Hajiya ta nuna mini wuri ɗaya tak da ake samun namu a gidan: jikin katangar bayi, kan wani dutse.

"Baba, bari in ɗan shiga ciki," na ce, na miƙe.

Na ratsa tsakar gida, na ɗauki buta don kada a gane, na zagaya na hau dutsen na ɗaga waya sama. Da ƙyar shafi ɗaya ya buɗe, Turanci zuƙu-zuƙu, mutane suna gardama a kan matsalar tun ban san kaina ba. Abu ɗaya na tsinta: a buɗe a duba wayar da ta haɗa gidan faifai da cikin kwamfuta. Na dawo da ƙarfin gwiwa na ce a ba ni sukundireba.

"Ka gani ko?" Alhaji ya ce wa Baba. "Tiyata za a yi."

Na zare faifan na ajiye a kan tebur, na kashe ta, na kwance murfin. Ƙura da yanar gizo da guntayen zare suka yi mini sallama, har da wani busasshen ƙwaro da ya riga mu gidan gaskiya tun tuni. Na yi atishawa a gaban surukina, na ce alhamdu lillahi, suka amsa mini su biyu. Na hango wata waya mai faɗi, ruwan toka, kamar ɗamara, ta tashi daga bayan gidan faifan. Na kama na zare ta, na hura mata iska, na hura wa ramin. Sai da na zo mayarwa na ga ta kowane gefe tana iya shiga, ni kuma ban duba yadda take ba kafin in cire.

A cikin akwatin nan aikin Baba na shekaru yake, duk zanen da ya tara. Na fara hango kaina ana nuna ni a gidan biki, ga wadda ta ƙona wa uban mijinta sana'a.

"Baba, bari in ƙara shiga ciki."

Wannan karon shafin ya ƙi buɗewa sam. Na tsaya a kan dutse ina juya waya gabas da yamma kamar mai neman wata, har na gaji na sauko. Ina fitowa na tarar da Hajiya tsaye da ludayi a hannu, tana kallona tun daga sama har ƙasa, ta ga zufa, ta ga fuska ta yi fari.

"Cikin ne?"

"A'a Hajiya, lafiya lau."

"Uhm," ta ce, tana wani murmushi mai ma'ana. "Ba komi. Haka yake farawa."

Ban tsaya gyara mata fahimta ba, don a lokacin da ma a ce hakan ne, da na samu dalilin kwanciya.

Na koma na rufe ido na cusa wayar yadda ta ga dama, na kunna. Nan take wata 'yar koriyar fitila ta kama a gaban gidan faifan, ta tsaya cak ba ta mutu ba.

"Allahu akbar!" Alhaji Mamman ya buga cinya. "Ga ta nan ta kama! Boko ba ƙarya ba ne!"

Baba ya yi hamdala. Ni ma na fara jin sanyi, sai dai da allon ya tashi, babu A babu dalilinsa. Fitila tana ci, faifan yana kan tebur inda na ajiye shi, harafi kuma bai zo ba. Na ce musu tana buƙatar ta ɗan yi zafi tukuna. (Daga ina na samo wannan, Allah kaɗai ya sani. Ina jin daga dutsen guga ne.) Allah ya taimake ni aka kira la'asar.

"Bari mu yi salla," in ji Baba. "In mun dawo sai mu sa faifan."

Suna fita na kwasa da gudu, na ɗauki buta karo na uku, na haye dutse. Sai a lokacin na tuna da Rukayya, ƙawata ta makaranta, wadda ta yi koyon aikinta a shagon gyaran kwamfuta, ita ce kullum a gaba in malam ya buɗe akwati. Na kira, layi ya ƙi shiga. Na ce bari in tura mata saƙon murya, in ya samu hanya ya tafi. Na buɗe wajen hira, sunanta na sama, na kai yatsa, na danna na fara magana ƙasa-ƙasa, na zazzage duk abin da ke raina. Na ɗaga waya sama har na ga alamar ya tafi. Daga can ɗakin girki na ji wata waya ta yi ƙara, ban kawo komai a raina ba. Na yi alwala ta gaskiya, na yi salla, na daɗe a sujada ta ƙarshe, na koma shago na zauna ina jiran amsar Rukayya, na ma manta a nan babu sabis.

Suka dawo. Alhaji ya koma bencinsa ya ci gaba da kaɗa makulli. Baba ya zauna a kujerar ɗinki, ya ciro wayarsa daga aljihu, shi da yake layin Nijar gare shi ko'ina tana kamawa. Ya ɗaga tabarau ya duba.

"A'a, ɗiyata, ke ce kika aiko mamu saƙo a guruf, kina nan zamne?"

Guruf ɗin gida. Wanda aka saka ni ranar da aka kai ni ɗaki. Akwai Baba, akwai Hajiya, akwai yayyen Nura da matansu, da ƙannensa, da gwaggonninsa na Maraɗi da na Kaduna. Ashe daidai lokacin da na kai yatsa wani ya turo gaisuwa a guruf, ya hau sama, ya ture sunan Rukayya ƙasa.

Na zaro wayata don in goge. Babu sabis. Na buɗe baki in ce Baba kada ka kunna, ashe na makara. Ya danna, kuma kun san yadda manya ke sauraron saƙo, sai sun ƙure ƙarar sun ɗaga wayar sama.

Sai ga muryata ta cika shagon.

"Rukayya, don girman Allah ki taimake ni, na shiga uku. An ajiye ni gaban wata kwamfuta da ta girme ni. Wallahi ban taɓa ganin fulofi da idona ba sai yau, a juye ma na saka shi. Na buɗe ta na zare wani abu, ban san yadda yake ba na mayar. Tsohon nan ya tsare ni da ido ko ƙiftawa ba ya yi. Ga wani ƙaton Alhajin Nijar ya cinye benci shi kaɗai, yana ta kaɗa makulli a kaina kamar mai kiran aljanu. Sau uku ina ƙaryar zuwa bayi, har uwar mijina ta ɗauka ciki gare ni. Duk Nura ne ya ja mini da shegen surutunsa, wai injiniya, injiniyar me..."

Abin da ya ƙarasa ni shi ne, daga cikin gida ina jiyo muryar tawa tana biyowa a baya kaɗan, Hajiya ma ta kunna nata. Kalmar "tsohon nan" ta fito a shago, ta sake fitowa a tsakar gida. Ƙaton Alhaji ma sau biyu ya fito.

Saƙon ya ƙare. Na ja hijabi na rufe fuska har haɓa, na roƙi ƙasa ta tsage, ƙasar Magama kuwa tauri gare ta. Ta ƙasan hijabin na ga Alhaji Mamman ya daina kaɗa makulli, ya zura shi a aljihu a hankali, sannan ya muskuta ya matsa can ƙarshen benci, ya bar wuri kamar na mutum ɗaya. Daga nan kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, ta ƙwace, ya fashe da dariya har da tari, yana share hawaye da hannun riga.

Baba bai yi dariya ba. Wannan shi ya fi tsorata ni. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wace ce Rukayya?"

"Ƙawata ce, Baba," na ce daga cikin hijabi, da wata murya kamar ta ɗan tsako.

"Ta san gyara?"

"Ta sani."

"Da gaske ta sani, ko irin sanin gidan nan?"

"Da gaske, Baba."

Ya miƙo mini wayarsa. "To tsohon nan ya ce ki kira ta da wagga, ita tana da sabis. Rana na tafiya."

Na karɓa da hannu biyu. Na kwafi lambar, na kira, na saka a sifika don hannuwana su samu aiki. Tana ɗauka, kafin ta ce uffan, na ce, "Rukayya ni ce, kina kan sifika, Babanmu yana ji, da baƙonsa." (Kun ga har na fara koyon darasi.) Ta gaishe su da ladabi, na yi mata bayani, wannan karon ba tsoho ba ƙato.

"Fitilar gidan faifan a kunne take ba ta mutuwa?" ta tambaya.

"E."

"Kin saka faifai tun da ta kama?"

"A'a."

"Alhamdu lillahi. Kashe ta yanzu. A juye kika mayar da wayar, in kika saka faifai a haka zai iya lalacewa."

Na dubi faifan da ke kan tebur, Baba ma ya dube shi, ya miƙa hannu ya ɗauke ya saka a aljihun gaba. Ban ga laifinsa ba.

Ta ce in duba gefen faffaɗar wayar nan akwai jan layi, ta faɗa mini ɓangaren da zai kalla, na juya na mayar. Ta ce in kunna, kuma in baƙin allo ya zo kada kowa ya danna komai sai na karanta mata. Hannun Baba har ya taso, ya mayar da shi baya. Na karanta mata rubutun. Ta tambayi agogon kwamfutar, na ce ya koma shekarun baya.

"Shi ke nan," in ji Rukayya. "Gidan faifan lafiyarsa ƙalau. Akwai ɗan batiri a ciki mai kama da kwabo, shi ke riƙe mata tunani in an kashe ta. Ya mutu, shi ya sa ta manta kwanan wata, ta manta tana da gidan faifai. A canza shi, sannan a shiga a tuna mata."

Na kashe, na leƙa, na gan shi yana ƙyalli a kwance. Na ɓamɓaro shi da farce na ɗora a tafin hannu. Baba ya fara tunanin wane mai gyaran agogo ne zai samu irinsa a kusa, ga rana ta yi sanyi. Alhaji Mamman ya miƙo wuya.

"Mu gani. Kai, wanga pil ai irin na makullina ne."

Ya ciro makullin motar nan da na yi wa sharri, ya ɓare ɗan akwatin da ke jikinsa da bakin almakashin Baba, ya zaro batiri iri ɗaya sak ya miƙo mini.

"Ungo, ɗiyata. Aljanun sun amsa."

Na karɓa ban ɗaga kai ba. Na saka, na kunna, Rukayya ta sa na yi ta danna wani maɓalli har wani shuɗin shafi ya fito. Ta bi da ni layi-layi, na gyara kwanan wata, na sami inda aka rubuta babu a gaban harafin A, na canza shi zuwa irin faifan da ke hannunmu, na ajiye. Kwamfutar ta sake tashi, gidan faifan ya yi wani ɗan gurnani, fitilar ta kama ta mutu. Da allon ya buɗe, ga A nan zaune a gefe kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Baba da kansa ya saka faifan, ya kwafi zanen, ya zare ya kai wa keken. Allura ta fara sauka a kan shadda da zare ruwan zuma. Na yi wa Rukayya godiya, na mayar da murfin, na ajiye sukundireba, na fara ja da baya zuwa ƙofar zaure da niyyar in ɓace.

"Zamna ki ga aikinki," in ji Baba.

Haka na zauna a takure a kusurwa har keken ya gama, Baba ya yanke zare, ya goge, ya ninke. Rana ta yi ja sanda Alhaji Mamman ya rungumi rigar ya nufi mota. Sai da ya buɗe ta da hannu, tunda batirinsa na cikin kwamfutarmu. Kafin ya shiga ya juyo ya ɗaga murya yadda har masu shayin gefen titi suka ji.

"Amarya! Ƙaton Alhajin Nijar na godiya! Allah shi yi maki albarka!"

Ya ja mota, muna hango shi har aka ɗaga masa ƙarfe ya wuce.

Cikin gida kuwa wata shari'ar ce ke jirana. Hajiya tana zaune a kan tabarma, gabanta kofi cike da kunun tsamiya da ta dama mini musamman saboda tashin zuciya. Ta dube ni, ta dubi kofin.

"Ashe ba shi ba ne," ta ce. "To sha dai, tunda an dama."

Na shanye tas, ina sha hawaye na ɗiga a ciki. Nura ya dawo yana dariya tun daga zaure, a Jibiya ya saurari nasa, a gaban abokansa. Da ya ga idona ya yi ja sai ya haɗiye sauran, ya ce ai shi ma an ambace shi, shegen surutu ba yabo ba ne. Da na hau dutsen nan don in goge saƙon, na tarar kowa ya riga ya ji. Wata gwaggo daga Maraɗi har ta turo nata saƙon tana tambaya, to cikin dai akwai ko babu?

Bayan sallar magariba Baba ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa daga bakin ƙofa, na fara ba da haƙuri, kalmomin suna harɗewa. Ya ɗaga hannu.

"Tsufa dai na tsufa, ba ki yi ƙarya ba. Ido kuma na tsare ki da shi, don in koya ne, in ta sake yi ba ki nan. Abu guda ne ban ji daɗi ba. Da tun farko kin ce man, Baba ban sani ba amma na san wadda ta sani, da Alhaji ya yi la'asar a gidanshi." Sai a nan na ga gefen bakinsa ya motsa. "Tashi ki je. Gobe ki rubuta man yadda ake shiga shuɗin wurin nan."

Yanzu shekaru sun ja, ni da Baba mun shaƙu fiye da duk matan 'ya'yansa, har in ya kira Nura yakan rufe da cewa a gaya mini tsohon nan yana gaisuwa, kuma ya koyi ƙiftawa. Ni ma na koyi nawa. "Ban sani ba" ba ta taɓa kashe kowa ba, a ranar da ake buƙatarta ta fi difloma amfani. Gulma kuwa, in har ta zama dole, a yi ta baki da baki, don ita iska ba ta da maɓallin maimaitawa.